Kafin Ku Sayi Saba: Nasiha Ga Ƙannena Masu Aikin Kwamfuta

Ƙannena, duk wanda ya ɗan jima yana kula da kwamfutocin wata makaranta, ko asibiti, ko kamfani, akwai ranar da shugaban wurin zai kira shi ya ce an gaji. An gaji da kwamfutocin tebur da aka jibge a lungu, wannan tana riƙe da rajistar ɗalibai, waccan lissafin albashi, ta ukun babu wanda ya san aikinta amma kowa na tsoron kashe ta. Sai a ce ku nemo saba guda ta rak, a tattara su duka a cikinta. A ranar ƙirjinku zai cika da murna, kuma ya dace, domin an yarda da ku. Abin da nake roƙonku shi ne kada ku fara da buɗe shafin masu sayarwa. Ku fara da takarda da biro, sannan ku tashi ku je ku tsaya cikin ɗakin da za a ajiye na'urar. Sabar da ta dace da ku ita ce wadda za ku iya ba ta wuta, ku sanyaya ta, ku sami kayan gyaranta, ku kuma tayar da aikin mutane idan ta faɗi. Ƙarfinta yana zuwa ne bayan waɗannan.

Dalili kuwa yana cikin yanayin aikin kansa. Sabar da ke ɗauke da kwamfutocin manhaja, waɗanda muke kira VM, kamar gidan haya take. Kowane ɗan haya da ɗakinsa da makullinsa, yana jin gidan nasa ne, amma mita ɗaya ce, rijiya ɗaya, ƙofar zaure ɗaya. Idan mutum guda ya kwana yana jan ruwa, kowa zai tashi da ƙishirwa, idan kuma rufi ya rufta babu wanda zai tsira. A da, kwamfutar albashi za ta iya mutuwa a ci gaba da rajista. Daga ranar da kuka tattara su, faɗuwar ɗaya faɗuwar duka ce. Wannan nauyin kuke saye, ba ƙarfe kawai ba.

To, ku rubuta duk abin da za a ɗora. Kowane aiki da layinsa: wace manhaja ce, mutum nawa ke shiga lokaci guda, RAM nawa take ci, faifai nawa ta cika, da nawa take ƙaruwa a wata. Kada ku yarda da abin da mai manhajar ya rubuta a takardarsa, domin shi kare kansa yake yi, yakan ninka. Ku auna da kanku a kwamfutocin da ke aiki yanzu, kuma awon ya haɗa da ranar da aiki ya fi zafi, makon rajista ko ƙarshen wata da ake haɗa albashi. Awon da aka yi lokacin hutun ɗalibai yaudarar kai ce.

Idan kun yi haka, abin da za ku gani kusan kullum iri ɗaya ne: furosesa na zaune yana hutawa, RAM ce ke ƙarewa. Matasa da yawa suna tafiya kasuwa da adadin ƙwayoyin furosesa a baki, wai suna son mai ƙwaya arba'in, su dawo da saba mai RAM gigabait 64, bayan wata shida babu wurin ƙara VM ko ɗaya. Haifabaiza, wato manhajar da ke rarraba sabar ga VM, tana iya ba wa VM uku ko huɗu ƙwaya ɗaya su riƙa karɓa-karɓa ba tare da kowa ya lura ba, saboda ba lokaci guda suke buƙata ba. RAM ba ta son irin wannan rabo. Abin da VM ta kama ta kama, kuma ranar da sabar ta rasa RAM ta koma tana aron wuri a faifai, ma'aikata za su fara bugo muku waya suna cewa sistem ya tsaya.

Mu ɗauki misali. A ce kuna da rumbun bayanai mai buƙatar gigabait 32, da Windows guda biyu masu 16 kowace, da ƙananan Linux guda biyar masu 8 kowace. Kun kai 104. Ku ware wa haifabaiza nata rabon, musamman idan za ku yi amfani da ZFS, tsarin sarrafa faifai wanda ke son RAM don hanzarta karatun faifai. Kun doshi 120, ba a yi maganar aikin da za a ƙirƙiro baɗi ba, kuma za a ƙirƙiro, domin da zarar an ji akwai saba kowane sashe zai tuna yana da buƙata. Ni a nan 192 zan nema. Ban zaɓi wannan lamba da ka ba. Furosesan Xeon Scalable na zubin farko da na biyu, irin wanda ke cikin Dell PowerEdge R740 da HPE ProLiant DL380 Gen10, yana da hanyoyi shida zuwa RAM. Furosesa biyu, hanyoyi goma sha biyu ke nan. Sanda goma sha biyu masu gigabait 16 za su cika kowace hanya daidai, su ba ku 192, su kuma bar muku ramuka goma sha biyu a buɗe daga cikin 24. Wanda ya cusa sanda biyar ko bakwai don kawai su ne a hannun mai shago, sabar za ta tashi, amma ya rage mata gudu da hannunsa. Ku tabbata RAM ɗin mai ECC ce, wadda ke gano kuskure ta gyara, kuma kada ku gauraya RDIMM da LRDIMM, ba sa zama tare.

A kan furosesa, shawarata za ta ba wasunku mamaki: yawan ƙwaya na iya zama bashi. Lasisin Windows Server da ƙwaya ake lissafa shi, mafi ƙaranci goma sha shida ga kowace saba. A tsarin da aka saba, nau'in Standard yana ba ku izinin VM biyu ne kawai bayan kun biya kuɗin dukkan ƙwayoyin sabar, idan kuna son wasu biyun ku sake biyan duka. Ku dubi wanda ya sayi furosesa biyu masu ƙwaya ashirin-ashirin saboda ya same su da araha. Zai biya lasisin ƙwaya arba'in a inda goma sha shida za su ishe shi, kuma kuɗin lasisin na iya wuce kuɗin ƙarfen. VMware mai fitar da haifabaiza ma, tun da kamfanin Broadcom ya saye shi a Nuwamban 2023, ya daina sayar da lasisin dindindin, ya koma biyan kuɗi lokaci-lokaci bisa yawan ƙwaya, da dala. Wannan ne ya kori ƙananan ma'aikatu da dama zuwa Proxmox VE, wanda wani kamfani a Biyana ta ƙasar Ostiriya ke fitarwa tun 2008. An gina shi a kan Debian da KVM, ana sauke shi kyauta, wanda ke son tallafin kamfanin ya biya. Akwai kuma XCP-ng, akwai Hyper-V na Microsoft. Ban ce lallai ga wanda za ku bi ba, ko da yake ga ƙaramar ma'aikatar da ke samun kuɗinta da naira ko sefa, zuciyata ta fi kwanciya da Proxmox. Abin da na nace a kai shi ne ku yanke shawarar haifabaiza da lasisi kafin ku yanke ta ƙarfe, ku kuma duba jerin na'urorin da haifabaizar ta amince da su. Kada kuma wani ya ruɗe ku da lasisin sata. Ma'aikatar da ke riƙe da bayanan jama'a ba wurin wannan ba ce, kuma sunanku ne a kan aikin.

Sau da yawa furosesa ɗaya mai kyau ya fi biyu. AMD EPYC, tun fitowarsa a 2017, ya sa saba mai gurbi ɗaya ta zama abin dogaro, domin a lokacin furosesa guda ya zo da hanyoyi takwas zuwa RAM, kuma zubin 2019 ya kai ƙwaya 64. Dell R7515 misali ce ta irin wannan. Amma ku kula da tarko ɗaya: idan kuka sayi saba mai gurbi biyu aka sa mata furosesa ɗaya, rabin ramukan RAM ba za su yi aiki ba, haka ma wasu ramukan kati. Mutane sun sha sayen RAM su cika ramukan da babu furosesan da zai gan su.

Sai faifai, wanda a nan ne ake yawan kuka. Faifai mai juyawa na 7200 yana iya amsa buƙatu kusan ɗari ne a daƙiƙa idan a warwatse suke. VM takwas kuwa kowace na rubuta nata a nata wurin, don haka duk abin da ke isa ga faifan a warwatse yake. Shi ya sa saba mai ƙarfi kan zama kamar ta shekara goma da suka wuce idan aka ɗora VM a kan irin wannan faifai. VM su zauna a kan SSD, faifai mai juyawa a bar shi ga bakof da tsofaffin fayiloli. Kuma ba kowace SSD ba. Wadda ake sa wa laftof ba a yi ta don rubutun dare da rana ba, kuma ba ta da ƙananan ma'ajiyar caji da ke ba ta damar kammala rubutu idan wuta ta ɗauke ba zato. SSD ta saba tana da wannan kariya, kuma masu ƙera ta na bayyana sau nawa za a iya cika ta da rubutu kowace rana tsawon garantinta. A ƙasar da wuta ke tafiya ba sallama, wannan kariya ba ƙawa ba ce. Araha ba ta ado, a nan kuma ba ta ma kai shekara.

Yadda za a haɗa faifan ma shawara ce da ake yankewa kafin saye. Idan katin RAID ne zai riƙe su, ku tabbata batirinsa na da rai, domin shi ke tsare abin da katin ya karɓa bai kai ga faifai ba tukuna. Idan ZFS za ku bi, shi yana son ganin faifan kai tsaye ba shamaki, don haka kati mai sauƙi irin HBA330 ya fi masa katin RAID mai tsada. Ga VM, haɗin madubi, wato RAID 1 ko RAID 10, shi na fi so, duk da cewa rabin wurin ke tafiya. RAID 5 a kan manyan faifai na da haɗari: idan ɗaya ya mutu, sauran za su kwashe awanni, wani lokaci kwanaki, ana matsa musu don sake gina wanda ya tafi, kuma a wannan matsin ne na biyu kan bi shi, musamman idan rana ɗaya aka saye su. Wannan ba zato ba ne. A 2019 HPE ta fitar da gargaɗi cewa wasu nau'o'in SSD ɗinta za su mutu da zarar sun cika awa 32,768 suna aiki idan ba a sabunta famwayarsu ba, kuma waɗanda aka kunna tare za su mutu kusan tare. Babu RAID ɗin da ke jure wannan. Ku riƙa bin sanarwar masu ƙera kayanku, ku kuma ajiye faifai ɗaya na jiran ko-ta-kwana a durowa tun ranar farko, ba sai ranar da fitila ta koma ruwan goro za ku fara neman wanda zai turo daga Legas ba.

Yanzu mu koma ɗakin, domin a nan ne mu muka bambanta da wanda ke rubuta shawara daga Jamus ko Amurka. Shi bai taɓa tunanin wuta ba. Ku kuwa dole ku yi lissafinta kafin komai. Saba mai furosesa biyu da faifai takwas za ta iya shan wat 250 a aiki na yau da kullum. Ku ninka da awa 24, kun sami yunit 6 a rana, 180 a wata. Lokacin da aka ɗaga farashin wuta na rukunin Band A a Najeriya zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, wannan ya kama naira 40,500 a wata, na sabar kaɗai. Kowane wat da ta sha kuma zafi yake zama a ɗakin, sai an sa esi ya fitar da shi, shi kuma esin idan yana aiki ya fi sabar shan wuta. Wannan duk a ranar da akwai wutar ke nan. Mutanen Arewa ba su manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta suka lalace, jihohi da dama suka kwashe kwanaki cikin duhu. Ku tambayi kanku: da a ce sabar tana nan a lokacin, wa zai sayi man janareta, kuma daga wane aljihu?

Ku yi lissafin batir ma da idonku a buɗe. Don riƙe wat 250 na awa takwas ana buƙatar yunit 2. Batir mai 200Ah da bolt 12 yana ɗauke da 2.4 a rubuce, amma na gubar dalma idan ana son ya yi ƙarko rabi ake sha. Biyu ke nan a ƙalla don sabar kaɗai, ba a sa suwic ba, ba a sa asarar inbata ba, ba a yi zancen sanyi ba. Tsakanin sabar da duk wata wutar waje kuma a sa UPS irin wanda kullum daga gare shi sabar ke sha, wanda ba sai ya yi sauyi ba idan wuta ta tafi, kuma mai fitar da wuta lafiyayya, domin sabobi ba sa shiri da wutar ƙananan inbata masu araha. Ku haɗa UPS ɗin da haifabaiza ta yadda idan batir ya kusa ƙarewa zai sa VM su rufe kansu a tsanake. Sabar za ta zo da akwatin wuta biyu. Kada ku soka su a soket ɗaya ku ce kuna da kariya, ku raba musu hanya. Sannan ku kira mai aikin wuta na gaske ya duba wayar ƙasa. Gine-gine da yawa ramin soket na uku ado ne kawai, babu abin da aka haɗa masa, kuma tsawar damina ba ta tambayar nawa kuka kashe.

Zafi da ƙura kuwa sun fi wuta iya kisan mummuƙe. Yawancin sabobin nan an yi su ne su shaƙi iskar da ba ta wuce digiri 35 ba, kuma masana sanyaya cibiyoyin bayanai sun fi son 18 zuwa 27. A Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Damagaram, watan Afrilu kan haura 40 a inuwa. Ku kwatanta ƙaramin ɗaki mai rufin kwano, ƙofa a kulle, esi ya mutu ranar Juma'a da yamma, ba mai dawowa sai Litinin. Da hunturu kuma, ku buɗe murfin sabar da ta yi wata uku a ɗaki mai taga. Za ku tarar da ƙura ja ta kwanta a haƙoran ƙarfen da ke sanyaya furosesa har ta toshe tsakaninsu, fankoki sun yi nauyi, kukansu ya canza. Ɗakin saba ba ya son taga. A toshe ƙasan ƙofa, a hana shara da tsintsiya, a sa ma'aunin zafi mai aiko da saƙo, a kuma sanya ranar busa ƙura a kalanda kamar yadda ake sanya ranar juyen man janareta.

Shi kansa rak ɗin ku auna shi da tef. Faɗinsa inci 19 ne ko'ina, tsayin kowane hawa, wato 1U, inci 1.75 ne, a nan babu rikici. Rikicin yana zurfi. Akwatin da masu haɗa netwok ke kafewa don suwic yawanci zurfinsa santimita 60 ne, saba irin R740 kuwa ta haura 70, ga kebul na fitowa ta baya. Abin da ke biyo baya kun sha gani: ƙofar baya a cire, an jingine ta da bango, sabar ta leƙo waje, ko kuma an ɗora ta a kan tebur an ɗora firinta a kanta. Rak mai zurfin mita ɗaya kuke buƙata, da layukan zamiya na wannan samfurin daidai, domin na wani ba ya hawa. Tsakanin 1U da 2U kuma, idan ba kuɗin hawa kuke biya a cibiyar bayanai ba, ku ɗauki 2U. Fankokinta sun fi girma, sun fi sanyaya da ƙarancin ƙara, kuma ta fi wurin faifai da kati. Ƙananan fankokin 1U idan zafi ya taso, ba mai iya aiki kusa da su.

Zancen netwok gajere ne. Ƙofofi huɗu na gigabit sun ishi ƙaramar ma'aikata, idan kuma za ku riƙa kwashe VM tsakanin saba biyu ko tura bakof mai yawa, ku nemi na gigabit 10. Wadda ba zan yafe ba ita ce ƙofar kula daga nesa, iDRAC a Dell, iLO a HPE. Da ita za ku ga allon sabar, ku kashe ku kunna, ko da haifabaiza ta sandare, kuna gida ƙarfe biyun dare. Ku tambaya ko lasisinta cikakke ne, domin na ƙasa ba ya ba da allon yadda ake so. Ku canza kalmar sirrin da ta zo da ita, kuma kada ku taɓa buɗe wannan ƙofa ga intanet kai tsaye.

Sabuwa ko ta hannu? Ba na jin kunyar cewa yawancinmu ta hannu za mu iya, musamman tun da aka saki naira a Yunin 2023 farashin duk abin da ake saye da dala ya yi tashin gwauron zabi. Kuma babu aibi a ciki. Manyan kamfanonin Turai da Amurka suna sauke sabobi bayan 'yan shekaru suna da sauran rai mai yawa. Sai dai tsufa na da iyaka. R720 ta 2012 ce, RAM ɗinta DDR3, tana shan wuta da yawa kan aikin da take yi, kuma sababbin manhajoji sun fara juya mata baya: Red Hat Enterprise Linux 10 ba ya hawa furosesan da ya girmi zubin Haswell. R730 ta 2014 na iya aiki har yanzu, amma idan kuna son shekara biyar nan gaba, daga R740 ko DL380 Gen10 na 2017 zan fara dubawa. Ku kuma zaɓi samfurin da ya cika kasuwa, wanda idan fanka ko akwatin wuta ya mutu za a same shi a Ikeja ta Legas a sa a mota ya kwana a hanya. Samfurin da ku kaɗai ke da shi a jiharku, ranar da ya lalace ku kaɗai za ku yi jinyarsa.

Idan kun je wurin mai sayarwa, kada ku tsaya a hoton WhatsApp. Ku sa a kunna ta a gabanku. A gaban Dell akwai ɗan harshen roba da ake zarowa, a jikinsa lambar Service Tag. Ku shigar da ita a shafin kamfanin ku ga ranar da aka fitar da ita da kayan da ta zo da su, ku kwatanta da abin da ke ciki yanzu. Ku ɗaga murfi ku ƙirga sandunan RAM, ku karanta takardar jikin kowace. Ku shiga iDRAC ku karanta tarihin kurakurai. Idan kun tarar an share shi tas jiya, ku tambayi dalili. Ku duba awannin da kowane faifai ya yi yana aiki da abin da ya rage na ran kowace SSD. Ku zare akwatin wuta ɗaya tana aiki ku ga ko za ta tsaya, ku mayar, ku zare ɗayan. Ku ƙirga tiren faifai, domin faifai ba ya shiga ba tire, kuma masu sayarwa kan cire su su sayar daban. A ƙarshe ku nemi yarjejeniya a rubuce cewa kuna da kwanakin gwaji, ku kuma yi amfani da su: gwajin RAM na kwana da yini, sannan ku matsa wa furosesa da faifai lamba a ɗakin da za ta zauna, da zafinsa da wutarsa. Ɗan kasuwar kirki ba zai ji haushin wannan ba.

Akwai abin da na fi so ku riƙe fiye da duk lambobin nan. Idan kuɗin da aka ba ku zai sayi saba ɗaya ƙatuwa ko biyu matsakaita, ku ɗauki biyun, ko kuma ɗaya da wata ƙaramar na'ura ta bakof. RAID ba bakof ba ne. Idan ma'aikaci ya goge fayil, ko manhajar garkuwa da bayanai ta shiga ta kulle komai, madubin zai kwafi ɓarnar nan take cikin biyayya. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wajen ginin. Wajen ginin na nufin wani gini na daban, ba ofishin da ke kusa ba, domin gobara da ɓarawo ba sa tsayawa a ɗaki ɗaya. Idan za ku haɗa sabobi su zama gungu mai karɓar aikin juna, ku sani biyu ba sa isa yanke hukunci idan sadarwa ta katse tsakaninsu, sai da ƙuri'a ta uku, ko da daga wata 'yar ƙaramar kwamfuta ce. Abin da ke cikin faifan nan sakamakon jarabawar 'ya'yan mutane ne, tarihin rashin lafiyar iyayensu ne, haƙƙin ma'aikata ne. Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, amma tun kafin doka amana ce, kuma za a tambaye ku.

Wani lokaci kuma, bayan duk lissafi, amsar gaskiya ita ce kada a ajiye saba a ginin sam. Idan babu wuta tsayayya, babu ɗaki mai sanyi, babu mai gadin da za a kira da dare, gara a sayi sabar a kai ta cibiyar bayanai a biya kuɗin hawa, irin su Rack Centre a Ikeja ko Galaxy Backbone a Abuja, ko a yi hayar VM a wurin masu gajimare idan ayyukan kaɗan ne kuma intanet ɗinku abin dogaro ne. Kowanne da nasa ciwon: hayar gajimare yawanci da dala ce, saba a Legas kuma idan fayiba ta yanke a hanya ofishinku ya tsaya. Amma ku sa su a ma'auni da gaske. Na san daɗin ganin fitilu na ƙyaftawa a rak ɗin da mutum ya haɗa da hannunsa, kuma na san yana da wuya matashi ya ce wa oga kada a saya. Wanda ya iya faɗin haka a inda ya dace, shi za a sake nema.

Takardar da za ku miƙa wa shugabanku kada ta zama layi ɗaya mai farashin saba. Ku rubuta ƙarfen, da lasisi, da rak, da UPS, da batir da shekarar da za a canza su, da esi, da kuɗin wuta da mai na shekara uku, da faifan jira, da na'urar bakof. Jimillar za ta ba shi tsoro, ƙila ya ce ku rage. Ku rage ƙwayoyin furosesa, ku rage girman faifai, ku jinkirta wani aikin zuwa baɗi, amma UPS da bakof ku ce masa cikin ladabi, ranka ya daɗe, waɗannan biyun ba sa raguwa. Idan mai sayarwa ya yi muku tayin kamasho a ɓoye don ku zaɓi kayansa, ku ƙi, domin daga ranar da kuka karɓa ba za ku iya mayar masa da ruɓaɓɓen faifai ba.

Bayan an kafa ta, kafin a kwashe aiki na gaske zuwa cikinta, ku ƙirƙiri VM ta gwaji, ku yi mata bakof, ku goge ta, ku dawo da ita, ku rubuta minti nawa abin ya ɗauka. Ku kashe babban makunnin wutar ginin da rana tsaka, da sanin kowa, ku ga ko UPS zai riƙe, ko VM za su rufe kansu, ko za su tashi bi da bi idan wuta ta dawo, rumbun bayanai kafin manhajar da ke dogara da shi. Sannan ku rubuta komai: wace VM ce ke yin me, ina bakof yake, yaya ake dawo da shi, lambar wa za a kira. Kalmomin sirri ku sa su a ambulan a liƙe, a ajiye wurin shugaban ma'aikata, ku kuma zaunar da abokin aiki ɗaya ya dawo da VM ɗin gwajin da hannunsa, yana bin takardar, ku kuna gefe ba ku ce masa komai ba. Duk inda ya tsaya yana neman taimako, wurin ne za ku gyara a takardar.